Katin girafik marar hayaniya na sabar gida: muhawarar zauren 'yan kwamfuta na Jos

Baban Ummi (Rikkos), Asabar, 10:47 na dare
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ku gafarce ni da shigowar dare, tura ce ta kai bango. Ina da kwamfutar da na mayar saba a gida, nan nake zuba bidiyon bukukuwan da nake ɗauka bayan na gama tacewa, da tafsirai da zane-zanen yara. Furosesa Ryzen 5 3600, bod B450, RAM giga 16, had-dis uku, Ubuntu 22.04, sai Jellyfin a kai, manhajar da ke aika bidiyon zuwa talabijin da waya. Katin girafik ɗin RX 580 ne na hannu, na saye shi ƙarshen 2022 lokacin da masu haƙar kirifto suka zubo su kasuwa. Yanzu fankarsa ɗaya ta fara kuka kamar injin markaɗe. Ciki da falo ne gidan, sabar tana bayan kujera a falo, jaririyarmu ko arba'in ba ta yi ba. Ɗazu Maman Ummi ta ce in zaɓa, ko in kashe ta ko mu koma shago mu kwana tare. Ina neman kati mai araha wanda ba a jin motsinsa. Me zan saya?

Autan Gwaggo
Wa alaikumus salam. Yaya ai Maman Ummi ta yi maka adalci da ta ba ka zaɓi. RTX 3060 kawai, ka huta.

Ɗan Tamino
Auta je ka kwanta. Mutum ya ce mai araha kana kiran 3060, wat 170 fa. Oga Baban Ummi, GT 710 za ka saka. Ba fanka ko ɗaya, ƙarfe ne kawai a kansa, wat 19, ba ya neman wayar wuta daga fawa-fak. Abin da ba shi da fanka ai ba ya kuka. Na saka wa mutane ba adadi, ba wanda ya dawo.

Injiniya (Bukuru)
Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya raya jaririya. Kafin kowa ya ambaci wani kati, Baban Ummi ka amsa mini tambaya ɗaya: wane aiki katin yake yi a cikin sabar nan? Iri biyu ne. Akwai wanda ke son kati don kawai kwamfuta ta yarda ta tashi, in ta rikice ya jona allo ya duba. Akwai wanda ke son kati ya riƙa sauya bidiyo nan take, ya rage masa nauyi ko ya canza masa tsari don na'urar da ke kallo ta iya buɗewa. Na farko kowane tarkace ya ishe shi. Na biyu in ya sayi GT 710 ya zubar da kuɗinsa.

Baban Ummi
Amin Baba, na gode. Gaskiya ban taɓa raba su haka ba. Ba na jona mata allo, ta waya ko laftof nake shiga. Amma talabijin ɗin falo tsoho ne, in na saka bidiyon HEVC, wani tsarin matse bidiyo da bai iya buɗewa, sai saba ta sauya masa. Kuma Hajiyarmu da ke Bauchi tana kallon bukukuwan dangi ta wayarta, na haɗa mata Tailscale, manhajar da ke ba ta damar shiga sabar daga nesa. In ban rage girman bidiyon ba datarta ba ta kwana biyu, sai kira ya biyo baya.

Injiniya
To ka ga ni. Kai ɗan rukuni na biyu ne.

Ɗan Tamino
In haka ne a ƙara kaɗan a ɗauki GT 1030. Shi ma akwai marar fanka, wat 30, ya fi 710 ƙarfi nesa ba kusa ba.

Maman Sadiq (Kubwa, Abuja)
Sannunku da hira. Malam Ɗan Tamino, a nan kam ba zan yi shiru ba, don ramin da mutane suka fi faɗawa ke nan. GT 1030 ba shi da NVENC, wato sashen da ke ɗaura bidiyo a katunan Nvidia. Yana iya warware bidiyo, amma ba ya iya sake ɗaure shi. In Baban Ummi ya saka shi, Jellyfin za ta tura aikin ɗaurin ga furosesa, fankar furosesa ta tashi, hayaniyar ta bar ɗaki ta koma tsakar gida. Kuma iri biyu ne a kasuwa da suna ɗaya: na asali na 2017 mai GDDR5, da wanda ya biyo baya mai DDR4 wanda ya fi shi sanyin jiki sosai. Kwali kusan iri ɗaya, sai ka karanta ƙananan rubutu.

Ɗan Tamino
Hajiya ni dai na saka wa wani 1030 yana kallon 4K lafiya lau.

Maman Sadiq
Kallo a allon da aka jona wa katin daban, aika wa wayar Hajiya a Bauchi daban. Naka warwarewa kawai yake yi, kuma ya iya. Ba musu nake da kai a kan wannan ba.

Na-Gangare
Tunda an zo nan bari in sa baki. Haka RX 6400 yake, kada a ga sabo ne ɗan ƙarami a ɗauka ya dace. AMD sun fitar da shi a 2022 ba tare da sashen ɗaura bidiyo ba, shi da RX 6500 XT. Na kusa saye, Allah ya sa na tambaya.

Autan Gwaggo
To wai me zai hana ya cire katin gaba ɗaya? Ba kati ba kuka.

Injiniya
Auta yau ka yi magana. Sai dai furosesarsa ba ta da girafik a ciki. A Ryzen na wancan zamani sai mai G a ƙarshen suna, kamar 3200G ko 5600G, yake da shi. A Intel kuma akasin haka ne, mai F a ƙarshe, kamar i5-9400F, shi ne marar shi. Wasu bod ɗin suna tashi haka ba kati, wasu sai su tsaya suna ƙara ko su kunna jar fitila su ƙi gaba. Sai an gwada. Kuma ko ta tashi, ranar da Ubuntu ta maƙale wajen tashi, kana kallonta tana kallonka, ba allon da zai gaya maka abin da ke damunta. Manyan sabobin kamfani ba su da wannan matsala don akwai ɗan guntun nuni a jikin bod ɗinsu, irin iDRAC na Dell da iLO na HP. Bod ɗin gida ba shi da wannan gatan.

Amma Baban Ummi, yau da daddare ka yi wannan: kashe ta, cire katin, kunna. In ta tashi, aƙalla iyali sun samu barci, kai kuma ka ji da kunnenka ko katin ne kaɗai ke surutu. Kafin ka taɓa komai ka dafa ƙarfen kes ɗin. Iskar hunturu a bushe take, wutar jiki tana taruwa, irin tartsatsin nan da kake ji in ka cire rigar sanyi. Shi yake kashe kaya ba ka san dalili ba.

Baban Ummi, 11:52 na dare
Na cire. Ta tashi, na shiga ta waya. Wallahi kamar an ɗauke ruwan sama daga kan kwano. Akwai sauran ɗan gunji amma ba ya kai ɗaki. Na juya fankar katin da yatsa, ɗaya tana lilo kamar haƙorin yaro mai famfara. Ƙurar da ke tsakanin ƙarafunan kuwa ta zama kamar bargo. Sai da safe, Allah ya saka.

Maman Sadiq, Lahadi, 7:15 na safe
Barkanmu da asuba. Tunda an samu barci, ga tawa shawarar, kuma na san ba ita aka tambaya ba. Ni da zan ce kada ka sayi kati sam. Ka sayar da Ryzen da bod da RX ɗin, ka ɗauki tsohuwar kwamfutar ofis ta tokumbo mai i5 na ƙarni na takwas, irin i5-8500. Intel suna da Quick Sync, sashensu na sarrafa bidiyo, a cikin furosesa tun 2011, kuma daga ƙarni na bakwai zuwa sama yana warware HEVC mai bit 10 yana kuma ɗaurewa. Ba kati, ba ƙarin fanka, ba direban Nvidia, wato manhajar da ke tafiyar da katin, da zai karye ranar da ka sabunta kanel, zuciyar Linux ɗin. Tawa ke nan a nan Kubwa, tana ƙarƙashin teburin da Sadiq ke karatu, bai ma san tana kunne ba sai ya ga fitila.

Baban Ummi
Hajiya na ji, amma had-dis uku manya gare ni, na huɗu yana hanya. Waɗancan 'yan sirarran ai ɗaya suke ɗauka, in an matsa biyu.

Maman Sadiq
Gaskiyarka. Akwai masu tsayi na hasumiya, amma su ma gurbinsu kaɗan ne, kuma bod da fawa-fak ɗinsu na kamfani ne, ba sa shiga kowane kes cikin sauƙi. To in ka tsaya a kan kati, Intel Arc A310. Giga 4, akwai na Sparkle mai wat 50 da ba ya neman wayar wuta. Yana ɗaura H.264 da HEVC har da AV1, abin da duk katunan da aka ambata a sama ba su yi. A aikin Jellyfin ban san ƙaramin kati da ya kama ƙafarsa ba.

Na-Gangare
Hajiya kin faɗi daɗinsa, bari in faɗi ɗacinsa, don yana cikin kwamfutata yanzu haka. Fankar wannan ɗan katin ba ta da natsuwa. Ta tashi fuuu, ta kwanta, bayan 'yan daƙiƙoƙi ta sake tashi, ko ba aikin da yake yi. Ƙara mai ɗorewa kunne yana sabawa da ita, kamar firij. Amma mai zuwa tana komawa, da tsakar dare, ita ke hana barci. Ba ni kaɗai ba ne, masu shi da yawa sun yi wannan kuka. Ni dai ƙarshe cire wayar fankar na yi na ɗaura masa wata babba da igiyar roba. Mai jaririya ya yi tunani.

Na biyu, Linux sai kanel 6.2 zuwa sama yake karɓar Arc ba tare da wahala ba. Ubuntu 22.04 da 5.15 ta zo, sai ya ɗora sabon kanel ɗin da suke kira HWE ko ya koma 24.04. Debian 12 ma 6.1 ce. Na uku, in ba ka kunna ASPM, saitin rage shan wuta, a BIOS ɗin bod ba, katunan Arc suna shan wuta ko suna zaune.

Maman Sadiq
Na karɓi ta fanka. Ta kanel kuwa layi ɗaya ne a tamina, wurin rubuta wa kwamfuta umarni, kada a tsorata shi.

Ɗan Tamino
Duk wannan magana ce, ina za a same shi? Ku zaga Ahmadu Bello Way daga farko har ƙarshe ku kawo mini A310 ɗaya. Sai an aiko daga Ikeja ko daga waje, ga kuɗin dala ga na aike, in ya zo da matsala wa za ka kama? Ni abin da hannu zai taɓa nake magana a kai.

Injiniya
Ɗan Tamino ya faɗi gaskiya a nan, kuma ita ta kawo ni ga nawa zaɓin: Quadro P400. Katin ofis ne na 2017, wanda ke zuwa a cikin kwamfutocin masu zanen gini irin Dell Precision da HP Z. Da yake kamfanonin Turai da Amurka sun sauke waɗannan kwamfutoci, ana samunsa wajen masu farfasa tokumbo su sayar ɗaya-ɗaya, wani lokaci mai shagon ma bai ɗauke shi da daraja ba don ba ya wasa. Wat 30 ne, rami ɗaya yake ci, ba wayar wuta. Guntun da ke cikinsa dangin na GTX 1050 ne, an rage masa ƙarfin zane amma an bar masa sashen bidiyo. Yana ɗaura H.264 da HEVC. Ga talabijin ɗaya da wayar Hajiya ɗaya, ya yi har ya yi saura.

Aibinsa uku, kada gobe a ce ban faɗa ba. Giga 2 kawai gare shi, don haka in ka fara tara 4K da yawa lokaci guda zai cika. Yana da 'yar fanka wadda ba ta tsayawa ɗif, sai dai muryarta ɗaya ce, ba ta hawa da sauka, kuma a cikin rufaffen kes da wuya ka ji ta in sabuwa ce ko an share ta. Na uku, ya tsufa. Nvidia sun ce jerin direba na 580 ne na ƙarshe ga zuriyar Pascal, wadda yake ciki. Ba wai gobe zai daina aiki ba, amma rana tana yamma. In ka ga T400 a kuɗin da bai yi nisa ba, shi ne ƙanensa, wat 30 shi ma, zuriyar Turing, ya fi shi sauran kwana.

Autan Gwaggo
Baba ai na ji Nvidia suna ƙayyade bidiyo uku kawai a lokaci ɗaya.

Injiniya
Labarinka ya kwana. Uku ne a da, suka mayar biyar a 2023, suka kai takwas a 2024. Gidan da mutum takwas ke kallon abu takwas a lokaci guda ai gidan kallo ne, sai ya fara karɓar kuɗin ƙofa.

Maman Sadiq
Tambaya ɗaya Baban Ummi, da wace kyamara kake aiki, kuma ɗanyen bidiyon kake zubawa a Jellyfin ko wanda ka gama? Dalilina, wasu kyamarori irin Canon R6 in ka kunna log, yanayin ɗaukar da ake gyara wa launi daga baya, suna ɗaukar HEVC 4:2:2 mai bit 10. P400 da T400 ba sa warware wannan, sai furosesa ta ɗauka. Arc yana yi. In ɗanye kake kallo, Baba Injiniya ya yi haƙuri, katinsa ba zai fisshe ka ba.

Baban Ummi
Ɗanyen ajiya kawai nake yi, ba mai kallonsa. Wanda na tace na fitar shi ke shiga Jellyfin, 1080 ne yawanci, 4K sai bikin masu hannu da shuni.

Maman Sadiq
To na janye. P400 zai yi.

Ɗan Tamino
Ni dai har yanzu ina ganin marar fanka ya fi. Abin da ke juyawa watarana zai yi kuka. A garin nan da sanyi ke sa mutum ɗumama ruwan alwala, me kati zai yi da fanka?

Injiniya
Rabin maganarka daidai ne. Jos tana kan tudu sama da mita 1,200, iskar da ke shiga kes ɗinmu ta fi ta Kubwa sanyi, wannan riba ce da muka samu kyauta. Amma kati ba ya zaune a Jos, yana zaune a cikin akwatin ƙarfe tare da had-dis uku da furosesa. Marar fanka ya dogara ne da iskar da fankar kes ke wucewa da ita. In babu, zafinsa a kansa yake taruwa. Sannan ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu abin da ke sauka a kan gilashin mota shi ke sauka a tsakanin ƙarafunan nan. Na taɓa buɗe kwamfutar wata makaranta, katin marar fanka ne, ƙurar ta haɗu da danshin damina ta daskare kamar an yaɓa masa laka. Sai da buroshin haƙori na kankare. Mai shi yana ta rantsuwa ba abin da ya taɓa.

Ƙa'idar shiru ɗaya ce: babbar fanka mai juyawa a hankali ta fi ƙarama mai gudu. Ɗaya mai milimita 120 a gaba, da 'yar raga ko yankin gidan sauro a bakinta, ka riƙa wankewa duk Juma'a biyu. Kuma ka ɗaga sabar daga ƙasa, kafet ne rumbun ƙura.

Maman Sadiq
Mu nan a watan Maris ko marar fankan sai ya roƙi fanka.

Shugaban Zaure
Ina bin ku tun jiya. Ba wanda ya yi maganar wuta sosai, alhali saba ba ta barci. Baban Ummi kana da mitar nan ta soket?

Baban Ummi
Akwai, ranka ya daɗe. Na auna ɗazu. Da RX a ciki tana zaune tana cin wajen wat 80, da na cire ta dawo 55. Ina zargin masu haƙar sun taɓa BIOS ɗinsa, don ban taɓa ganin fankarsa ta huta ba.

Shugaban Zaure
To yi lissafi. Bambancin wat 25, sau awa 24, sau kwana 30, yunit 18 ke nan a wata. Tun da NERC, hukumar kula da wutar lantarki, ta ɗaga kuɗin yunit na Band A zuwa naira 225 a Afrilun 2024, daga baya ya sauko wajen 209, a wannan farashi wanda ke wannan layi zai biya kusan naira 3,800 duk wata don katin da ke zaune kawai. In kuma a kan inbata kake, abin ya fi ciwo. Batir mai bolt 12 da amfiya 200, a takarda wat-awa 2,400 ne, amma in na ruwa ne rabi kake taɓawa in kana son ya daɗe, wato 1,200. Wat 25 na awa goma 250 ne. Kashi ɗaya cikin biyar na batirinka ya tafi a daren da aka ɗauke wuta. Shi ya sa in an ce kati mai araha, ni ba kuɗin ranar saye kaɗai nake dubawa ba. Wat ɗin da ake rubutawa a kwali kuma na lokacin cikakken aiki ne. Wanda ya dame mu shi ne abin da yake ci yana zaune, don a zaune yake kwana ya wuni.

Baban Ummi
Wallahi shi ya sa inbatar ke fara kuka kafin asuba. Ina ta zagin mai batir.

Autan Gwaggo
Yaya na ga wani a Facebook yana sayar da GTX 1050 Ti giga 4 sabo a kwali, kuɗin bai kai rabin buhun shinkafa ba. Ai ya fi P400.

Na-Gangare
Auta tsaya. Na asali ya fi shi, ba musu, amma a wannan kuɗin ba na asali ba ne. Ni aka yi wa. Shekarun baya na yi cinikin biri a sama, na tura kuɗi aka sako mini a mota daga wani gari. Kwali mai sheƙi, fanka biyu, Windows ma ta rubuta 1050 Ti. Da na saka direba sai allo ya fara zane-zane kamar atamfa. Na buɗe GPU-Z, manhajar da ke nuna ainihin bayanan kati, ga kalmar jabu an rubuta a gaban sunan. Ashe tsohon GTS 450 ne na 2010 aka sauya wa BIOS ya riƙa ƙaryar suna. Na kira lambar, a kashe har yau. Alamar da za ka fara dubawa: in ka ga ramin VGA mai shuɗi a bayan 1050 Ti, ka yi hattara, yawancin na gaske ba su da shi. Araha ba ta ado.

Ɗan Tamino
Haka GT 730 ma, suna ɗaya kati kala uku, wani tsohon guntu ne na zuriyar Fermi aka sake wa riga. Shi ya sa nake cewa a zo shago a gwada a gaban mai kaya.

Injiniya
Wannan kam na sa hannu. Baban Ummi in ka je, kada ka karɓa a leda. A saka shi a kwamfuta, a buɗe GPU-Z, a bar shi minti goma yana aiki, ka kara kunnenka kusa da fankar. In ka ji ƙas-ƙas ka ajiye. Sai abu biyu da ake mantawa. Ƙarfen bayansa: akwai gajere na siririyar kwamfuta, akwai dogo na babban kes. Naka dogo kake so. Kuma ramukan allonsa uku duk mini DisplayPort ne, babu HDMI, sai da 'yar wayar sauyi. Ka sa a haɗa maka a ciniki.

Ɗan Tamino
Akwai wani maƙwabcina da ya sauke kaya makon jiya, na ga irin waɗannan kwamfutocin. Oga ka zo gobe bayan azahar in raka ka. Ba na cin ko sisi, sai dai ka sayi shayi.

Autan Gwaggo
Daga GT 710 an koma dillancin Quadro.

Ɗan Tamino
Kasuwa ce yaro.

Baban Ummi, Talata, 9:20 na dare
Jama'a ga rahoto. Mun je jiya. Guda biyu muka samu, na farko fankarsa na ƙas-ƙas ɗin da Baba ya faɗa, na biyu shiru. Mai shagon ya fara da kuɗin da ya sa na juya, Ɗan Tamino ya ce masa katin da ba ya buga ƙwallo wa zai saya in ba mu ba, aka yi ta albarka har aka daidaita. T400 babu. Gajeren ƙarfe ne a jikinsa, dogon bai zo da shi ba, sai muka cire ƙarfen na ɗaure katin da igiyar roba a jikin kes kafin in samu. Wayar sauyin kuwa duk gargaɗin Baba sai da na manta, ina cikin keke a Bauchi Road na tuna.

Na saka direba, na zaɓi NVENC a Jellyfin. Da farko ya ƙi, ashe da yake a cikin Docker take, wato keɓaɓɓen akwatin manhaja da ake kira kwantena, sai an ƙara kayan Nvidia na kwantena, Maman Sadiq ta nuna mini a gefe. Yanzu bikin da ke sa furosesa haki, ina kallon nvidia-smi mai nuna aikin kati, katin na aiki ita tana hutawa. Mita tana nuna 62 a zaune. Hajiya ta kira daga Bauchi ta ce hoton ya daina tsayawa, sai dai wai me ya sa aka fi nuna dangin ango.

Saura abu ɗaya. Da dare ya yi tsit akwai wani gunji mai zuwa yana komawa, wuuun, wuuun. Ba katin ba ne, na tsayar da fankarsa da yatsa na daƙiƙa ɗaya bai daina ba.

Injiniya
Kada ka ƙara sa yatsa a fanka. Wannan had-dis ɗinka ne. Biyu suna juyi da gudu kusan ɗaya amma ba daidai ba, girgizarsu tana haɗuwa tana rabuwa, kes ɗin ya zama ganga. Da can kukan RX ne ya rufe shi. Dafa gefen kes ɗin da tafin hannu ka ji ko ya ragu.

Baban Ummi
Ya ragu sosai.

Injiniya
To nemo tsohon silifas, ka yanka gida huɗu ka sa a ƙarƙashin ƙafafun. In akwai gurbi ka raba had-dis ɗin, kada su kwanta a jere, ka sa 'yar roba tsakanin noti da ƙarfe. Murfin gefe kuma ka ɗaure shi da kyau.

Baban Ummi, 10:05 na dare
Na yanka. Ya yi shiru. Sai dai ashe silifas ɗin na banɗakin Maman Ummi ne, sabo.

Maman Sadiq
Innalillahi. Gobe da sassafe ka nufi kasuwar Tamino ka sayo biyu, ka haɗa da wayar da ka manta.

Autan Gwaggo
Yaya kafin a kore ka zuwa shago, RX 580 ɗin nan fa? Ni kukansa bai dame ni ba, ɗakina a zaure yake.

Baban Ummi
Zo ka ɗauka bayan la'asar. Ka taho da buroshi.